Ba Gwaggonku Ba Ce

Lawali da Hadiza, na riga na ba ku labarin tasowata a Damagaram da zuwana Yamai neman aiki, kuma duk abin da na faɗa a can akwai waɗanda za ku tambaya su tabbatar muku. Wannan kuwa a dangi mu uku kaɗai muka san shi: ni, da uwarku Ramatu da ke ƙarƙashin ƙasa, da yayata Hajara, Gwaggonku, wadda kuka yi shekara ashirin da ɗoriya ba ku taka ƙofar gidanta ba. Kun girma da sanin cewa ita ta yi wa uwarku sammu har hankalinta ya gushe. Ba ita ba ce. Giya ce ta cinye tunanin uwarku, kuma ni na fara miƙa mata ita da hannuna.

Ni na fara sha tun ina saurayi, shekarar da na shiga biro, wato aikin ofis. Idan aka tashi daga aiki akwai wata mashaya a bayan wata doguwar katanga, da itatuwan bedi, wato dogon yaro, a tsakar gidanta, can muke zama da abokan aiki har rana ta yi sanyi. Ina zuwa Juma'a, ina azumi, kuma duk watan azumi nakan ajiye kwalba kwana talatin cur. Da wannan nake ruɗin kaina cewa ni ke riƙe da ita, ba ita ke riƙe da ni ba. Amma tana cina a hankali. Takarda sai ta kwana uku a gabana ban gane kanta ba. Nakan yi wa mutum alkawari da bakina, washegari ya zo in rantse ban taɓa faɗa ba. Hadiza, ranar sunanki an ce na tashi na yi wa baƙi jawabi har aka yi ta dariya. Ban san na yi ba. Hoton ranar yana nan, ga ni tsaye da babbar riga, amma in na dube shi kamar ina kallon wani mutum ne da aka ba aron fuskata. Duk da haka namiji in yana sha duniya na ganinsa. Abokai su rako shi gida, wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci ya yi masa faɗa, matarsa ta ajiye masa tuwo ta tsare shi sai ya ci. Ni na samu duk wannan.

Uwarku ba haka take ba. Haifaffiyar Yamai ce, ubanta Bahaushen garin Tawa, uwarta Bazabarma, tana juya harshe uku kamar da su aka haife ta. Tana koyarwa a ƙaramar lakwal, wato makarantar firamare, unguwarmu Bukoki kakaf Madam ake kiranta. Ban taɓa ganin mai riƙe abu a ka irinta ba. Aji ya cika maƙil da yara, amma kafin sati ya zagayo ta san sunan kowa da sunan uwarsa. Na sha raka ta Babbar Kasuwa, ta tsayar da ƙato mai gemu, ta kira shi da sunansa na yarinta, ta gaya masa bencin da yake zama da wanda ke kusa da shi. Warin giya ma ba ta so. In na shigo da shi a bakina sai ta tashi ta buɗe taga.

Sai Allah ya karɓi ƙanwarku Nafisa, autarmu, tana da shekara shida. Sanƙarau ne, cikin bazara, kwana uku kacal. Kun tuna wannan, ba sai na maimaita ba. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya biyo bayan sadakar arba'in, da mutane suka watse. Uwarku ta daina barci. Takan zauna bakin gado da rigar lakwal ɗin Nafisa a cinya, ba kuka, ba magana. Wata Lahadi bayan azahar, kun tafi unguwar Zongo wurin Gwaggonku, na same ta a rumfa idanunta sun faɗa. Na shiga ɗaki na zuba wiski a kofin shayi, na haɗa da lemo mai zaƙi, na kawo mata.

"Mene ne wannan, Baban Hadiza?"

"Magani ne. Ki shanye, ki samu ki runtsa."

"Na san warinsa."

"Allah ya san halin da kike ciki, Ramatu."

Ta daɗe tana kallon kofin, sannan ta rufe ido ta shanye. Ta yi barci har la'asar ta wuce, barcin da rabonta da shi tun ranar jana'iza. Na zauna kusa da ita ina kore mata ƙuda, raina fari, ina ganin na yi dabarar da malamai da masu magani suka kasa.

Daga kofi ɗaya ranar Lahadi abin ya koma kullum. Ni ke sayowa. Na saba shigowa da kwalba ɗaya a jakar aiki, sai na koma biyu. Mace ba ta da mashaya, ba ta da abokan da za su rako ta gida, ba wanda zai tare ta ya yi mata faɗa tun da ba wanda ya sani. A ɗaki take sha, ƙofa a rufe, ta tauna kanumfari, ta turara ɗakin da turaren wuta. Abin da take sha bai kai rabin nawa ba, shi ya sa ban taɓa jin tsoro ba. Abinci ne ya fita ranta. Ta dafa, ta zuba muku, in kun ce Mama zo mu ci ta ce ta ci a lakwal. Kuna ganin tana ramewa kuna cewa baƙin cikin Nafisa ne, dangi ma haka suke cewa. Shekara biyar muka yi a haka.

Shekarar da Lawali zai rubuta jarrabawar bak ta gama sakandare ita ce shekarar da komai ya fito. Bayan an koma daga dogon hutu, daraktan lakwal ɗin da uwarku ke koyarwa ya aiko a kira ni. Mutum ne mai kunya, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa mini cewa Madam ta koyar da darasi ɗaya kwana uku a jere, kuma kowace rana tana farawa kamar sabo. Yaran ne suka gaya wa iyayensu. Ya ce ko za ta ɗan huta. Ba a yi sati biyu ba ta kwanta da amai. Da ta tashi za ta kewaya sai ta riƙa tangaɗi tana dafa bango, ƙwayar idonta na rawa, tana kiran Hadiza da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun kafin mu yi aure. Muka ɗauki taksi zuwa gidan likita. Kwana goma sha shida ta yi a gado ana yi mata ƙarin ruwa da allurai. Da ta farfaɗo ta gane mu duka, ta yi murmushi, ta tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Muka yi hamdala. Sai mai jinya ta shigo ta gaishe ta, ta fita ɗauko magani, ta dawo, uwarku ta sake gaishe ta kamar ba ta taɓa ganinta ba.

Lokotoron da ke duba ta dattijo ne mai furfura. Ya kira ni ɗakinsa ya tura ƙofa.

"Malam, daga ni sai kai a nan. Shekara nawa tana sha?"

Na ce matata malamar lakwal ce, Musulma ce, ƴar mutunci.

"Ban tambaye ka addininta ba. Ina so in san abin da nake magani."

Na faɗa masa. Sannan na ce abin da ke cina, cewa ni na fi ta sha nesa ba kusa ba, na fi shekara ashirin a ciki, ga ni kuma ina zuwa aiki da ƙafata.

"Jikin mace ba ya ɗaukar giya yadda na namiji ke ɗauka," in ji shi. "Ku sha kofi ɗaya tare, abin da zai hau jininta ya fi naka. Ɓarnar da take ɗaukar shekaru da yawa kafin ta yi wa namiji, mace takan same ta a ƴan kaɗan. Ga shi ta daina cin abinci, ƙwaƙwalwa ta rasa abin da take rayuwa da shi. Abin da ta sani tun da, yawancinsa yana nan. Sabo ne ba zai ƙara zama ba. Kai ma kada ka ɗauka ka tsira. Me ka ci jiya da rana?"

Na kasa tunawa. Ya bar ni na ɗan lalube, sannan ya ci gaba.

"Abu ɗaya nake so ka riƙe. Za ta riƙa ba ku labarin abin da bai faru ba. Ba ƙarya take yi ba. In ta tarar da rami a tunaninta sai ta cike shi da duk abin da ya zo mata, kuma ta gaskata shi. Ka gaya wa mutanen gida tun yanzu, don kada wani ya ɗauki maganarta ya yi aiki da ita."

Ban gaya wa kowa ba. Na ce muku zazzaɓi ne ya taɓa mata ƙwaƙwalwa.

Gwaggonku Hajara ita ta raine ni bayan rasuwar uwarmu, kuma da mijinta ya rasu bai bar ta da ɗa ba, ku ta mayar ƴaƴanta. Tana da rumfar atamfa a Babbar Kasuwa. Da aka sallamo uwarku sai ta rufe rumfar, kullum da safe ta taso daga Zongo ta zo Bukoki, ta yi mata wanka, ta dama mata kunu, ta zauna tana ba ta a baki kamar jaririya. A sati na biyu ta same ni bakin famfo ina alwala, kun tafi lakwal.

"Isufu, na share ɗakin matarka. Har bayan akwatuna."

Na tsaya da buta a hannu.

"Na zuba su a buhu, na kai bola da kaina, can nesa da unguwa. Naka na daɗe da sani. Ita fa, wa ya koya mata?"

Ban ɗago kai ba.

"Allah ya shirye ka," ta ce. "Uwa ce. Kada yaran nan su ji."

Kakarku, uwar Ramatu, ba ta yarda da zancen zazzaɓi ba. Ta je wurin masu duba, aka gaya mata akwai hannun mutum, kuma na kusa ne, mai shiga gidan yana fita. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta zo da ƴan'uwanta mata biyu. Muna tsakar gida dukanmu, ku ma kuna nan. Uwarku na zaune kan tabarma an yi mata kitso, Gwaggonku ta fito daga madafa da ƙwaryar fura za ta ba ta. Kakarku ta riƙe hannun ƴarta, ta yi mata magana da Zabarmanci, sannan ta maimaita da Hausa don kowa ya ji.

"Ramatu, dube ni. Akwai wanda ya ba ki wani abu kika sha? Wa ya ba ki?"

Uwarku ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, irin duban ɗalibin da ke neman amsa a bango. Idonta ya sauka kan ƙwaryar. Sai fuskarta ta saki, ta yi murmushi.

"Yaya ce. Kullum tana kawo mini. Tana cewa magani ne, in shanye in samu in runtsa."

Maganata ce. Kalmomina ne na ranar Lahadin nan, ba ragi ba ƙari, ta ɗauko su daga inda suka maƙale ta ɗora a bakin wadda ke tsaye gabanta. Gwaggonku ba ta dubi kowa ba sai ni.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa na yi shiru ne don in rufa wa uwarku asiri, don kada a ce Madam mashayiya ce, don kada Hadiza ta rasa mijin aure, kuma ai Yaya da kanta ta ce kada ku ji. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Tun safe ban sha ba saboda Juma'a, kuma abin da ya fi ƙarfi a kaina a lokacin shi ne yaushe matan nan za su tashi in samu in fita. Haka giya ke yi wa tunanin mutum. Ba ta hana shi sanin daidai, sai dai ta sa daidai ɗin ya yi masa nisa, kwalba ta yi kusa. Kalma biyu, "Ni ne," sun isa su wanke yayata, na riƙe su.

Lawali, kai ka miƙe. Shekararka goma sha tara a lokacin.

"Gwaggo, ki fita daga gidanmu."

Ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a hankali.

"Isufu, ba ka da magana?"

"Yaya, ki je gida tukuna, har hankula su kwanta."

Ta gyara mayafinta. A bakin zaure ta juyo ta ce wa Hadiza, "A ba ta furar kafin ta yi tsami, ba ta ci komai ba tun safe." Kakarku ta ɗauki ƙwaryar ta kifar a magudana. Ba a jima ba uwarku ta ja hannun rigata.

"Baban Hadiza, yau Yaya ba ta zo ba? Ko lafiya?"

Magana ba ta kwana a Yamai. Kafin wata ya ƙare zancen ya isa kasuwa. Matan da suka shekara suna sayen atamfa wurinta suka riƙa sauya layi, maƙwabtan rumfa suka daina cin abinci tare da ita. Ta sayar da rumfar ta koma gida tana ƙulla turare da kanwa. Ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta kare kanta ba, alhali ta san inda ta kai buhun.

Uwarku ta yi shekara tara bayan wannan. Hadiza, ke kika biya mafi tsada, domin kin bar karatu kina aji na ƙarshe kika zauna jinyarta, ke da malamanki ke cewa za ki zama lokotoro. Kin tuna yadda take tara yaran maƙwabta a rumfa tana koya musu ƙidaya da Faransanci ba ta kuskure ko ɗaya, amma in an ɗauke kwanon gabanta sai ta ce yau ba a ba ta abinci ba. Kin tuna tambayar da take yi duk rana in ta ji hayaniyar ƴan lakwal a titi.

"Nafisa ta dawo?"

Da farko muna gaya mata gaskiya, sai ta fasa kuka kamar yanzu aka fito da gawar, ta yi har ta gaji, ta manta abin da ya sa ta kuka, jimawa kaɗan ta sake tambaya. Ke kika fara cewa, "Tana hanya, Mama." Da wannan muka rayu. Ranar aurenki sau huɗu ana gaya mata wace ce amarya, kowane karo tana murna sabuwa tana sa miki albarka.

Ba zan ce muku na bar giya a ranar da Yaya ta fita ba. Sai da na ƙara shekara biyu. Na bari ne bayan wata safiya da na tsaya a mararraba da babur, a hanyar biron da na yi shekara ashirin da biyar ina bi, na rasa ko dama zan yi ko hagu. Na koma wurin dattijon lokotoron nan, ya taimake ni, na sha wuyar da ba na so in tuna. Bayan shekara guda kaina ya fara washewa. Na koma ina karanta takarda har ƙarshe in gane ta, ina riƙe sunan baƙo. Ni da na fi sha, aka mayar mini da rabin abin da na zubar. Ita da ta sha kaɗan, a ɓoye, don baƙin ciki, ba a mayar mata da komai ba. Har yau akwai shekaru a rayuwata da suke kamar zanen da gara ta ci, kuma surorin da nake ƙoƙarin haddacewa tun da na bar aiki, in na riƙe da safe kafin la'asar sun zube. Amma Juma'ar nan ba abin da ya goge daga cikinta.

Kada wannan ya rage muku darajar uwarku. Ba ta nemi giya ba, barci ta nema, mijinta ya kawo mata abin da ya kawo. In akwai wanda za ku ɗaure wa fuska, ina nan Bukoki, ban je ko'ina ba.

Duk sallah nakan saci jiki in je Zongo in gaida Yaya, ban taɓa gaya muku ba. Ranar jana'izar uwarku ta zo, ta zauna a zauren maƙwabta har aka fito da makara, ta yi addu'arta daga can ta koma. Watan jiya na je na same ta a ƙofar ɗakinta tana shan hantsi. Ta haura tamanin, ido ya yi rauni, kunne ma sai an ɗaga murya. Na ce mata zan rubuta muku komai.

"Ramatu ta kwanta, Isufu. Ka bar ta ta huta."

"Ke fa, Yaya?"

"Ni ma na kusa."

Na ce ko ta hana sai na rubuta, domin na gaji da ɗaukar abin, kuma ba na so a binne ta da sunan da ba nata ba. Ta ci gaba da murza carbi. Na ɗauka faɗa za ta yi mini. Sai ta ce:

"Lawali har yanzu ba ya cin kuɓewa?"

Na ce har yanzu.

"Hadiza fa, ƴaƴanta nawa?"

Na ce uku, duka mata. Ta sa na faɗi sunayensu, ta maimaita ɗaya bayan ɗaya, ta sake maimaitawa don su zauna mata.

Gidan yana nan inda kuka san shi, ƙofar ce kawai aka sauya ta ƙarfe. Ku je da hantsi, lokacin ta fi jin ƙarfi. Ku yi sallama da ƙarfi, kuma ku faɗi sunayenku tun daga zaure, don ba za ta gane ku da ido ba. Hadiza, ki tafi da yaran. Ba sai kun shirya abin da za ku ce mata ba. Ta riga ta tambaye ni ko babbar ta isa ɗaura zane, wai akwai wata atamfa da ta ajiye tun ranar da ta rufe rumfa.